Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sanatoci Da 'Yan Majalisar Wakilai Na Jihar Kaduna Kan Haƙƙin Fasinjan Jirgin Ƙasa

Masu girma sanatocinmu uku da wakilanmu 16 a Majalisar Tarayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da jama'ar wannan jiha suka ɗora muku.

Na rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in roƙe ku abu guda, wato ku gabatar da ƙudurin doka, ko ku sa a shigar da sashe na musamman cikin duk wani gyara da za a yi wa dokar jiragen ƙasa, wanda zai fayyace a rubuce abin da fasinja zai samu idan jirgin da ya biya kuɗinsa ya makara, ko aka soke tafiyar, ko jirgin ya tsaya da shi a tsakiyar daji. A yau abin da fasinja ke iya sa rai da shi a irin wannan hali bai wuce ban haƙuri ba, shi ma idan an ga dama, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a ɗaga wannan magana daga matsayin alfarma zuwa matsayin haƙƙi wanda doka ta sani, ta kuma yanka masa adadi da wa'adi.

Dalilin da ya sa na kawo kukan gare ku, ban kai shi wani wuri ba, shi ne babu jihar da wannan magana ta shafa kamar tamu. Garin Kaduna da jirgin ƙasa kusan tare suka tashi: tun 1912 layin dogo ya haɗa Legas da Kano ta nan, kuma samuwar layin na cikin abubuwan da suka sa Turawan mulki suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita Kaduna a 1917. Zariya da Kafanchan ma jirgi ne ya ƙara musu girma da kasuwa. Da aka zo zamanin sabon layi, nan aka fara: ranar 26 ga Yulin 2016 aka ƙaddamar da layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186, daga tashar Idu a Abuja zuwa tashar Rigasa a Kaduna, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina da kuɗin da suka haɗa da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin. Bashi ne da ke kan kowane ɗan ƙasa, da wanda ya taɓa shiga jirgin da wanda bai taɓa ganinsa ba.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin abin da ya cika wannan jirgi da mutane. Shekarun da hanyar mota ta Kaduna zuwa Abuja ta zama tarkon masu garkuwa da mutane, musamman wajajen Rijana da Katari, su ne suka kora kowa zuwa Rigasa, daga ɗan kasuwa da ɗalibi har manyan jami'an gwamnati da hafsoshin tsaro, kuma na tabbata da yawa daga cikinku sun zauna a waɗannan taragu. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga maganarmu, domin a kasuwar da mai saye yake da zaɓi, tsoron rasa ciniki kan isa ya gyara halin mai sayarwa. A nan kuwa mai jirgi ɗaya ne, layi ɗaya ne, kuma wanda aka ɓata wa rai jiya shi ne zai dawo gobe ya bi layi, saboda fargabar hanya ta fi masa ɓacin ran nauyi. Inda babu gasa, doka ce kaɗai ke iya tsaya wa mai rauni.

Ku dubi abin da aka nema daga fasinja cikin waɗannan shekaru, kuma ya yi. A Janairun 2021 aka koma sayar da tikiti ta intanet, ya koyi amfani da manhaja, wanda bai iya ba ya nemi ɗansa ko maƙwabcinsa ya saya masa. Bayan mummunan harin 28 ga Maris 2022, wanda aka rasa rayuka aka kuma sace mutane fiye da 60, waɗanda na ƙarshensu ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai a watan Oktoba, an dakatar da jirgin har zuwa 5 ga Disamba. Da ya dawo, ya dawo da sharaɗin lambar NIN kafin a sayar wa mutum tikiti, da ƙarin kuɗi zuwa naira 3,600 a ƙaramin aji, 6,500 a na tsakiya, 9,000 a babba, da ragin yawan zirga-zirga. Jama'a sun karɓi duk wannan ba tare da wata hayaniya ba, domin sun fahimci dalilin tsaro.

Duk wanda ya san Rigasa da sassafe ya san yadda wannan biyayya take. Mutum zai yi asubanci ya fito daga Kawo ko Barnawa ko Sabon Tasha, wani ma daga Zariya ya kwana a gidan ɗan'uwa saboda jirgin farko, ya ratsa doguwar hanyar Rigasa a keke ko tasi, ya sauka a bakin ƙofa inda masu shayi da masu ƙosai suka riga suka hura wuta. Zai ɗora jakarsa a na'urar bincike, ya fito da wayarsa a duba tikitin, a gwada sunan da ke jiki da katin shaidarsa, sannan ya zauna jiran kira. Ya san cewa idan ya makara da minti biyar jirgi ba zai jira shi ba, kuma ba ya ganin an zalunce shi a kan haka, domin kowa ya yarda cewa jirgi da lokaci yake aiki. Tambayar da nake so ku yi a zauren majalisa ita ce: idan lokaci ya ɗaure fasinja har haka, me ya sa bai ɗaure wanda ya karɓi kuɗinsa ba? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba sai na ƙirƙiro misali ba, abubuwan da suka faru a idon duniya sun isa. A watan Maris na 2022 jirgin Legas zuwa Ibadan ya tsaya da fasinjoji a daji saboda ƙarewar mai, bidiyon ya zagaya ko'ina. A Janairun 2023 jirgin da ya taso daga Kaduna ya goce daga kan layi a Kubwa, a 2024 aka sake samun irin haka a yankin Jere, sannan ranar 26 ga Agustan 2025 jirgin da ya nufo Kaduna ya yi hatsari a Asham, aka dakatar da zirga-zirga har zuwa farkon Oktoba. A wannan na ƙarshe Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta sanar da mayar wa fasinjoji kuɗin tikitinsu, kuma ya dace a yaba mata a kan haka. Sai dai wannan yabo shi ne hujjata mafi ƙarfi. Ya nuna cewa hukumar tana da sunayen fasinjojinta da lambobin wayarsu, kuma tana iya mayar da kuɗi idan ta so. Abin da ya rage shi ne kada mayarwar ta dogara da girman hatsari, ko yawan surutun da aka yi a Facebook, ko kirkin wanda yake shugabancin hukumar a wannan shekara. Jinkirin awa biyu da ba ya shiga labarai shi ma yana cin mutane: mai ganin likita a Abuja ya rasa layinsa sai wani watan, mai jarrabawar ɗaukar aiki ya tarar an rufe ƙofa, lauya ya iso an ɗage shari'a, mai shirin hawa jirgin sama ya tarar an tashi, tikitin dubban nairori ya tafi a banza.

Abin da nake nema ba baƙo ba ne a al'adarmu. A tashar Kawo ko ta Mando, idan mota ta lalace a hanya, kowa ya san ƙa'ida ko da ba a rubuta ta ba: direba zai tare wata motar ya yi wa fasinjojinsa juye ya biya kuɗin sauran tafiyar, ko ya mayar musu da abin da ya rage na kuɗinsu, idan kuma ya ƙi, akwai shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha da za a kai ƙara wurinsu, su kuma tilasta masa. Direban da motarsa ɗaya tal, wanda wataƙila ma ba tasa ba ce, ya yarda cewa kuɗin tafiyar da bai kammala ba ba halalinsa ba ne. Zai yi wuya a fahimtar da talaka dalilin da zai sa hukumar gwamnatin tarayya ta kasa kai wa wannan matsayi.

A cikin dokokin ƙasar nan ma akwai abin koyi a kusa. Ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, suna da sashe na 19 wanda aka keɓe domin kare fasinja. A tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa biyu kamfani zai ba da abin taɓawa da abin sha, idan ya kai awa uku fasinja na da damar karɓar kuɗinsa ya fasa tafiyar, idan kuma abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba sai a ba shi masauki da motar kai shi, kuma akwai diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti a wasu halaye. Kowa ya san kamfanoni ba kullum suke cikawa ba, amma fasinjan jirgin sama yana da takardar da zai ɗaga, da ofishin da zai je, kuma an sha ganin hukumar ta ci tarar kamfanoni a kan ƙin mayar da kuɗi. Wanda yake iya sayen tikitin jirgin sama an rubuta masa haƙƙinsa dalla-dalla, wanda ƙarfinsa bai wuce naira 3,600 ba an bar shi da addu'a. Wannan bambanci bai kamata ya wuce ta gabanku ba tare da kun tanka ba.

Wani zai ce ai akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Gaskiya ne, kuma doka ce mai kyau. Sashe na 130 ya ba mai biyan kuɗin aiki haƙƙin a yi masa aikin a kan lokaci, a kuma sanar da shi da wuri idan akwai jinkirin da ba makawa, idan aka gaza kuma a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa daidai gwargwado. Da wannan doka ce wata babbar kotu a Enugu ta yanke hukunci a 2022 cewa tsarin "ba a mayar da kuɗi" na wani kamfanin motocin haya ya saɓa wa doka, ta kuma ci shi diyyar naira 500,000. Amma dokar ba ta faɗi minti nawa ne jinkiri ba, ba ta faɗi kaso nawa ne daidai gwargwado ba, ta bar wannan ga jayayya. A ɗaya gefen kuma ga dokar 1955 da ta kafa hukumar jiragen ƙasa, wadda aka rubuta tun kafin samun 'yancin kai, ta gindaya cewa sai an ba hukumar sanarwar wata uku a rubuce kafin a kai ta ƙara, kuma ƙarar ba ta karɓuwa bayan wata 12. Babu mai hankalin da zai ɗauki lauya, ya jira wata uku, ya yi ta zaryar kotu saboda rubu'i ko rabin kuɗin tikiti, wato naira 900 ko 1,800. Haƙƙin da kuɗin nemansa ya ninka shi sau ɗari, a aikace babu shi.

Ƙasashen da suka daɗe da jirgin ƙasa sun gane wannan, shi ya sa suka yanka adadi tun kafin a yi rigima. A Ingila yawancin kamfanoni suna biyan kashi 25 cikin 100 na kuɗin tafiya idan jinkiri ya kai minti 15, rabi idan ya kai minti 30, kuɗin duka idan ya kai awa ɗaya, ba tare da la'akari da musabbabin jinkirin ba, kuma fasinja yana da kwana 28 ya nema. A Tarayyar Turai mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi shi ne kashi 25 daga minti 60 zuwa 119, da kashi 50 daga awa biyu zuwa sama, a biya cikin wata ɗaya da nema. A Indiya, wadda talaucin da yawa daga cikin fasinjojinta ya fi kama da namu, idan jirgi ya makara fiye da awa uku mutum ya fasa tafiya, ana mayar masa da kuɗinsa cif. Ban kawo waɗannan don a kwafe su yadda suke ba. Ma'aunin minti 15 na Ingila ya yi mana tsauri a yanzu, kuma dokar da aka san ba za a iya cikawa ba tun ranar farko ta mutu. Ma'aunin Turai dai ina ganin ba ya fin ƙarfinmu.

Saboda haka ga abin da nake ba ku shawara ya shiga cikin dokar. Tushen komai shi ne jadawali: a wajabta wa duk mai gudanar da jirgin fasinja ya buga lokacin tashi da lokacin isa a jikin tikiti, domin a kan lokacin isa ne ake auna jinkiri, kuma a rubuta ainihin lokacin da kowane jirgi ya isa tasharsa ta ƙarshe a wallafa shi a inda kowa zai gani. Idan jinkirin isa ya kai awa ɗaya a mayar da kashi 25 cikin 100, idan ya kai awa biyu a mayar da rabi, idan ya kai awa uku, wanda a wannan layi ya kai ko ya zarce tsawon tafiyar kanta, a mayar da kuɗin gaba ɗaya. Idan aka soke tafiya, ko aka san tun a tasha cewa jirgi zai makara fiye da awa ɗaya, fasinja ya zaɓa tsakanin karɓar kuɗinsa duka da sauya masa rana ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

Wurin da nake so ku fi tsayawa shi ne hanyar biya, domin a nan ne irin waɗannan dokoki suke mutuwa a ƙasarmu. Idan aka ce sai fasinja ya cike fom, ya haɗa da hoton tikiti, ya kai wani ofishi a Idu ko Legas, ya jira sa hannun wani darakta, to an ba shi da hannun dama an karɓe da na hagu. Alhali a wannan layi babu buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tikitin nan ta intanet aka saye shi, da katin banki ko tura kuɗi aka biya, an haɗa shi da lambar NIN da lambar waya, an kuma duba shi da na'ura a ƙofar shiga, wato an san wanda ya saya, an san ya shiga, an san kujerar da ya zauna. Bayanan da aka tattara saboda tsaro sun isa a mayar da kuɗi kai tsaye cikin asusun da aka biya da shi, ba tare da mutum ya nema ba, cikin kwana 14 kamar yadda ake yi a jiragen sama, tare da saƙon waya da ke sanar da shi. Wanda ya saya a tagar tasha da tsabar kuɗi ya karɓi nasa a tagar da ya saya. Kuma tunda kuɗin shigar hukumomin tarayya suna faɗawa ne asusun bai ɗaya na gwamnati, inda fitar da kuɗi ke da wahala, dole dokar ta tanadi wani keɓaɓɓen asusu da za a riƙa ajiye wani ƙaramin kaso na cinikin tikiti domin wannan biya, in ba haka ba ma'aikaci mai niyyar biya ma zai ce hannunsa a ɗaure yake. Akwai wata riba ta gefe: 'yan cuwa-cuwar tikiti, waɗanda aka daɗe ana kuka da su, za su fi saurin bayyana idan aka ga asusu ɗaya yana karɓar mayarwar tikitin mutane daban-daban a kowane mako.

Kuɗi ba su ne komai ba a lokacin da jirgi ya tsaya. Abin da ya fi ƙona ran fasinja shi ne shiru, musamman a layin da kowa yake tuna abin da ya faru a 2022, inda tsayuwar minti goma a daji kan sa hantar mutane ta kaɗa. Dokar ta wajabta sanarwa ta lasifika cikin minti 15 da tsayuwa, da Hausa da Turanci, a faɗi dalili da kiyasin lokaci, a kuma riƙa sabuntawa. Bayan awa ɗaya a raba ruwan sha kyauta, a fara da yara da tsofaffi da masu juna biyu da marasa lafiya, domin tarago mai rufaffun tagogi idan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu a watan Afrilu ba wurin zama ba ne. Idan jinkiri ya sa jirgi ya iso Rigasa ko Idu cikin dare, alhali da rana aka tsara isowarsa, mai jirgi ya ɗauki nauyin motocin da za su kai mutane tsakiyar gari, saboda mace mai goyo da aka sauke ƙarfe 11 na dare, wadda gidanta yake Maraban Rido ko Rigachikun, an jefa ta cikin wani haɗarin da ba ta saya da kuɗinta ba. Sannan a ba duk mai buƙata takardar shaidar jinkiri, kamar yadda ake yi a Japan, wadda zai nuna wa shugabansa a ofis ko a wurin jarrabawa. Wannan ba ya cin komai sai tawada.

Na san abin da za a faɗa muku idan kuka ɗaga maganar, kuma wasu daga cikin hujjojin suna da nauyi. Za a ce hukumar ba ta da kuɗi. Mu yi lissafi: a ɗauka jirgi ya ɗauko mutum 600 duk a ƙaramin aji a farashin naira 3,600, ya makara da awa ɗaya. Kowa zai samu naira 900, jimla naira 540,000 daga cinikin da ya haura miliyan biyu. Idan irin wannan jinkiri jefi-jefi yake faruwa, kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Idan kuwa kullum yake faruwa har biyan zai durƙusar da hukumar, to wannan shi ne ainihin abin da ya kamata majalisa ta sani, da alƙaluma, kafin ta amince da kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Gwamnatin da ta iya ɗaukar nauyin jigilar mutane kyauta a jiragen ƙasa lokacin bukukuwan ƙarshen shekarar 2023 ba za ta ce mayar da rubu'in kuɗin tikiti ya gagare ta ba.

Za a kuma ce yawancin matsalolin ba laifin hukumar ba ne, ɓarayi ne suke kwance ƙarafan da ke riƙe layin dogo, ko matsalar tsaro, ko ambaliya. Wannan gaskiya ne a wasu lokuta, kuma Turai ma ta sassauta a dokarta da ta fara aiki a 2023, inda ta ɗauke wa kamfanoni biyan diyya a kan abubuwan da suka fi ƙarfinsu. Ban ƙi a yi irin wannan togiya ba, da sharaɗi biyu. Na farko, togiyar ta tsaya a kan diyyar jinkiri kawai, kada ta taɓa mayar da kuɗin tafiyar da ba a yi ba, ko ruwan sha, ko sanarwa. Na biyu, lalacewar kan jirgi, ƙarewar mai, rashin kayan gyara da rashin ma'aikata ba sa cikin abin da ya fi ƙarfin mai jirgi, aikinsa ne, kuma kada a bar shi ya zama shi ne mai yanke hukuncin wane jinkiri ne ƙaddara, wane ne sakaci.

Hujjar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta lafiyar rayuka. Ba ma son dokar da za ta sa direba ya yi gudu a inda ya kamata ya lallaɓa, don gudun kada a ce ya jawo asara. Maganin wannan shi ne a hana cire diyyar daga albashin direba ko wani ƙaramin ma'aikaci, kuma idan yanayin layi ya tilasta rage gudu na tsawon lokaci, a fito fili a sauya jadawali, mutane su san tafiyar da a da take ɗaukar kimanin awa biyu yanzu ta koma kaza, su tsara al'amuransu a kan gaskiya. Sai dai a nan ma akwai ƙofar zamba, domin mai jirgi zai iya rubuta awa huɗu a tafiyar awa biyu da rabi don kada a taɓa cewa ya makara. Shi ya sa sauya jadawali ma yake buƙatar amincewar wani wanda ba shi ne mai jirgin ba.

Wannan ya kawo mu ga gyaran da ya fi kowanne girma. A ƙarƙashin dokar 1955, hukuma ɗaya ce mai layi, mai jirgi, mai sayar da tikiti, kuma mai sa ido a kan kanta. A 2018 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kafa hukumar kula da sufuri ta ƙasa, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Binciken hatsari dai an riga an raba shi, tunda hukumar binciken hatsarin sufuri, NSIB, ce take yin sa yanzu har a jiragen ƙasa, kuma hakan ya nuna rabawar mai yiwuwa ce. Ko za ku farfaɗo da wancan ƙuduri, ko za ku ɗora wa FCCPC wannan aiki a sarari kafin a kafa mai sa ido na dindindin, abin da ake buƙata shi ne wuri ɗaya, mai ofishi a Kaduna, inda fasinjan da ba a biya shi ba zai kai kuka kyauta, a yanke masa hukunci cikin kwana 30, hukuncin kuma ya hau kan mai jirgi.

Lokacin yin wannan aiki yanzu ne, saboda harkar tana faɗaɗa. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, Legas ta riga ta fara jigila a layukanta, gwamnatin jiharmu ta bayyana shirin jirgin cikin gari, ga kuma layin Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 203 da aka aza harsashinsa a Yulin 2021, wanda idan ya kammala zai mayar da Rigasa mahaɗar matafiya daga ko'ina a Arewa. Idan 'yan kasuwa suka shigo aka rattaba hannu a kan yarjejeniyoyi na shekaru 20 ko 30 ba tare da haƙƙin fasinja a ciki ba, shigar da shi daga baya zai zama sabuwar rigima da sabon ciniki. Ya fi sauƙi a rubuta shi tun yanzu, ya hau kan duk wanda zai ɗauki fasinja a kan dogo, gwamnatin tarayya ce, ko ta jiha, ko kamfani.

Ina roƙon ku haɗa kai a kan wannan ba tare da duba jam'iyya ko shiyya ba, ɗaya daga cikinku ya ɗauki nauyin ƙudurin a Majalisar Dattawa, wani a ta Wakilai, ku kuma nemi kwamitocin sufurin ƙasa na majalisun biyu su buƙaci hukumar ta miƙa musu rajistar lokutan tashi da isowar jiragen wannan layi na shekara guda, domin a yi muhawara a kan alƙaluma. Idan aka zo zaman jin ra'ayin jama'a, ku nemi a yi zama ɗaya a nan Kaduna, a wurin da mutanen Rigasa za su iya zuwa da ƙafarsu, a kuma ba da damar yin magana da Hausa, domin 'yan kasuwa da ɗalibai da masu jinya da ke bin wannan jirgi kowane mako su faɗa muku da bakinsu abin da jinkirin awa biyu yake jawo musu.

Allah ya yi muku jagora, ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai bin jirgin Rigasa, daga Kaduna.